Kiran Aikin Ɗa Daga Uwa: Ba Kowace Matsala Ce Ke Buƙatarsa Ba

Duk wanda ya fara gina shafin intanet da React, Vue ko Angular, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wannan tambaya: ga babban sashe, wato uwa, ga ƙarami a cikinsa, wato ɗa, yaya uwar za ta sa ɗan ya gudanar da wani aiki da aka rubuta a cikinsa? Hanyar tana nan. A React ana haɗa ref da useImperativeHandle, wanda ya zo a sigar 16.8 a shekarar 2019. A Angular akwai @ViewChild, wanda ke miƙa wa uwa ɗanta sukutum. A Vue 2 kuwa this.$refs ne ke yin wannan hidima. Abin da ke damuna shi ne yadda masu rubuta manhaja da yawa suka mai da ita hanyar farko, alhali an tanade ta ne don lokacin da babu wata.

Tun da Facebook ya saki React a 2013, tunanin da ya yi rinjaye shi ne bayanai su riƙa gangarowa daga uwa zuwa ɗa ta props, ɗan kuma ya riƙa aika wa uwa labarin abin da ya faru, kamar an danna maɓalli ko an rubuta wani abu. Abin da ke kan allo hoton bayanan ne kawai. Amfanin wannan tsari yana bayyana ranar da abu ya lalace: wuri ɗaya za ka duba, domin gaskiyar tana ajiye a wuri ɗaya.

A ɗauki fom ɗin rajista. Fom ɗin yana cikin ɗa, maɓallin aikawa yana wurin uwa. Mai sauri sai ya rubuta ayyuka uku a cikin ɗan, na tantancewa, na karɓo abin da aka cike, da na gogewa, uwa ta riƙa kiransu bi da bi. Yau zai yi aiki, amma ya sayo wa kansa matsaloli uku. Na farko, uwa ba ta san halin da fom ɗin yake ciki ba sai ta tambaya, don haka ba za ta iya kashe maɓallin ba idan an bar wani gurbi babu komai, sai da ƙarin dabara. Na biyu, lokaci. Kafin a zana ɗan a allo, ref fanko yake. Idan kuwa an ɓoye shi da sharaɗi, sai ya sake komawa fanko, manhaja ta faɗi a hannun mai amfani. Wannan ne ya sa a Angular ake jiran ngAfterViewInit kafin a taɓa abin da @ViewChild ya kawo. Na uku, an ɗaure su biyun da igiya ɗaya: ka sauya sunan aiki a cikin ɗa, ka karya uwa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kuma kusan duk waɗannan suna da mafita mai sauƙi. A ɗaga bayanan fom ɗin zuwa wurin uwa, ta riƙe su, ta miƙa wa ɗa. Idan gogewa ake so, a sauya key na sashen, React ko Vue za su rushe shi su gina sabo fes. Maɓallin da ke wajen fom ma, HTML da kansa ya ba shi damar aika fom ɗin idan an ba shi sifar form mai ɗauke da id ɗin fom ɗin.

Su kansu masu waɗannan tsare-tsare sun nuna inda suka dosa. Da Vue 3.2 ya fito a 2021, sashen da aka rubuta da script setup a rufe yake, uwa ba ta ganin komai nasa sai abin da ya fitar da kansa ta defineExpose. Na yaba wa wannan mataki ƙwarai, domin ya tilasta wa mai rubutu ya tsaya ya zaɓi abin da zai buɗe. React 19, a ƙarshen 2024, ya sauƙaƙa miƙa ref ba tare da forwardRef ba. Sauƙin rubutu ne wannan, ba izini ba ne na a cika manhaja da shi.

Sai dai ba na tare da masu ƙyamar ref baki ɗaya. Akwai masu ƙirƙiro lamba a wurin uwa, su riƙa ƙara mata ɗaya duk lokacin da suke son ɗa ya motsa, shi kuma yana zaune yana gadin sauyin lambar. Wannan kiran aiki ne da aka sa wa rigar bayanai, kuma ya fi na fili wahalar karantawa. Kai alamar rubutu cikin gurbi, gangara da shafi zuwa wani wuri, kunna bidiyo ko dakatar da shi, duk umarni ne na nan take, kuma a haka burawuza ta ba mu su. A nan ref shi ne daidai. A yi amfani da shi ba tare da kunya ba, a buɗe aiki ɗaya ko biyu masu suna bayyananne, a rufe sauran.

Ma'aunina shi ne wannan: bayan an yi kiran, akwai abin da uwa take buƙatar ta ci gaba da saninsa? Idan akwai, to bayani ne, wurinsa sama, ya gangaro ta props. Idan babu, umarni ne, a kira shi kai tsaye. Ina roƙon masu koyarwa da masu duba aikin na ƙasa da su, idan aka zo musu da wannan tambaya, kada su yi gaggawar nuna yadda ake yi. Su fara tambayar me ake son cimmawa, domin sau da yawa amsar ita ce za ta nuna cewa bayanan ne aka ajiye a inda bai dace ba.