Jinjina ga masu rarrabe furotin a ɗakin gwaje-gwaje

Rarrabe furotin ta fuska biyu dabara ce da Patrick O'Farrell ya bayyana a 1975, lokacin da ya ware furotin kusan 1,100 daga bakteriyar E. coli. Akan narkar da ɗan guntun tsoka, a jera furotin ɗinsa bisa cajin lantarki, sannan a sake baza su bisa nauyi a kan faifan jel, kowanne ya fito a matsayin ɗigo.

Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ne ke shan wahalar. Aikin kan ci kwanaki, kuma silin gashi ko yatsa marar safar hannu ya isa ya gurɓata samfurin, a koma farko. Da haƙurinsu masu bincike ke gano ɗigon da ya bambanta tsoka mai ciwon daji da lafiyayya. Lallai sun cancanci yabo.