Kuɗin Kamfani da Gaskiyar Bincike: Tarken Gwajin Magunguna a Kan Yara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wasu bincike-bincike da kamfanonin magani suka ɗauki nauyinsu a kan yara, musamman a fagen lafiyar ƙwaƙwalwa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Abin tambaya shi ne, idan kamfanin da zai sayar da magani shi ne ya biya masanin da zai auna ingancinsa, yaya askin zai kasance? Za a fara daga gida, watau Kano, sa'an nan a leƙa Amurka, daga bisani a dawo ƙasar Zuru.

2.0 Darasin Kano

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka raba gida biyu, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su tsohon maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Iyaye sun yi ƙorafin ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya musa yin laifi. Daɗin daɗawa, an gano cewa takardar iznin gwajin bayan an gama shi aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Sanƙarau ba taɓin hankali ba ne, amma darasin ɗaya ne: yaro ba ya iya ba da izni, uban da ke tsaye a kan ɗansa mai suma kuma ba ya iya tsayawa bincike.

3.0 Bincike Mai Lamba 329

Daga 1994 zuwa 1998 kamfanin da daga baya ya zama GlaxoSmithKline ya gwada maganin Paxil a kan matasa 275 masu ciwon damuwa mai tsanani. Rahoton ya fito a 2001 a mujallar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta Amurka, da sunan Farfesa Martin Keller na Jami'ar Brown da abokan aikinsa, yana mai cewa maganin yana aiki kuma jiki yana karɓar sa. Aibi uku ne ke cikin wannan rahoto.

Na farko, an sauya ma'auni. Ka'idar bincike ita ce a faɗi abin da za a auna tun kafin a soma. Manyan ma'aunai biyu da aka tsayar tun farko sun nuna maganin bai fi ƙwayar da ba kome a cikinta ba, sai aka jingina hukunci a kan wasu ma'aunai da aka shigo da su daga baya.

Na biyu, an yi wasa da harshe, wanda ya kamata ya ja hankalin malaman harshe da ke wannan zaure. Yunƙurin kashe kai da wasu matasa suka yi, an sakaya shi a ƙarƙashin wata kalma mai laushi da ke nufin saurin sauyawar hali. Mai karatu ba zai taɓa gane cewa rai ake magana a kai ba.

Na uku, daftarin farko na rahoton wani kamfanin rubutu da aka yi haya ne ya tsara shi, manyan masana suka sa suna. A 2003 hukumar magunguna ta Ingila ta yi gargaɗin kada a ba 'yan ƙasa da shekara 18 maganin. A 2012 kamfanin ya biya dala biliyan 3 a Amurka a kan laifuffukan da suka haɗa da tallata Paxil ga yara. A 2015 wasu masana suka sake nazarin ainihin bayanan, suka tabbatar maganin bai yi amfani ga matasan ba, illa kuwa ya ƙara.

4.0 Faɗaɗa Iyakar Ciwo

Kuɗi yana iya taɓa sakamako, yana kuma iya taɓa ma'anar ciwon kanta. Tsakanin 1994 da 2003 zuwan yara da matasa asibiti a Amurka da sunan ciwon da ke jujjuya hali tsakanin zumuɗi da baƙin ciki ya ninka wajen sau 40. Jagoran wannan ra'ayi shi ne Farfesa Joseph Biederman na Jami'ar Harvard. A 2008 binciken Sanata Charles Grassley ya nuna ya karɓi dala miliyan 1.6 daga kamfanoni tsakanin 2000 da 2007, kuma bai sanar da jami'arsa mafi yawansu ba. A 2013 kamfanin Johnson & Johnson ya biya dala biliyan 2.2 a kan tuhume-tuhumen da suka haɗa da tallata Risperdal ga yara. Karɓar kuɗi shi kaɗai ba hujja ba ce ta ƙarya. Ɓoye shi ne ya hana mai karatu auna maganar da ma'aunin da ya dace.

5.0 Ina Ruwan Ribah?

Wani zai ce matsalarmu rashin likita ce, ba yawan magani ba. Gaskiya ne. Uwa a Ribah da ɗanta ya sauya hali takan fara da rubutu da hayaƙi, ta bi ta kemis, kafin a kai ga asibitin Zuru ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Amma fa littattafan da likitanmu ya karanta daga irin waɗancan mujallu aka tattaro su, don haka gurɓataccen ruwa daga can yake gangarowa. Kuma inda ba mai bibiyar yaro bayan an ba shi magani, illa ta fi saurin ɓuya.

Akwai kuma hasara ta biyu, watau zubewar amana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zancen Trovan yana cikin dalilan da aka kawo lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ba ta kira a guji magani, domin akwai yaran da lafiyarsu ta dogara gare shi. Shawarwarinta uku ne. Duk mai gabatar da bincike a tarukanmu ya faɗi wanda ya biya kuɗinsa. Iznin iyaye a karɓe shi da harshen da suke ji, Hausa ko C'lela, a gaban shaida. Kwalejojin ilimi kuma su koya wa ɗaliban malanta bambance ƙiriniya da ciwo, domin malamin aji ne kan fara lura da sauyin yaro. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Saura a ga ta isa Ribah.