Shirun Dilip Kumar da Masu Cewa Ɗan Fim Ba Abin Koyi Ba Ne

Akwai tsohuwar suka da ake yi wa duk wanda ya riƙi jarumin fim gwaninsa har yake cewa da shi yake koyi. Wasu su ce ɗan wasa mutum ne da ake biya ya zama wanda ba shi ba, to me za a koya a wurinsa? Wasu kuma, musamman 'yan boko masu ji da kansu, su ce tauraro haja ce da kamfani ya ƙera ya tallata, wanda ake son nan babu shi a duniya. Masu maganar nan sun yanke hukunci tun ba su tambayi mene ne ainihin abin da mai koyin yake ɗauka ba. Dilip Kumar ya isa misali, domin a wurinsa abin ɗaukar a bayyane yake, kuma abu ne da Bahaushe ya san darajarsa tun kafin a gina silima a Kano.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya, suka karɓu fiye da na kaboyi, har 'yan kallo a su Plaza da Orion da El Dorado suka riƙa raɗa wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Shi kuwa Dilip Kumar, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a 1922, mahaifinsa ɗan kasuwar kayan marmari ne. Ya fara fitowa a Jwar Bhata a 1944, ya yi fim na ƙarshe, Qila, a 1998, ya rasu a Mumbai ranar 7 ga Yulin 2021 yana da shekara 98. A duk tsawon wannan zamani finafinansa ba su kai 70 ba, alhali sa'o'insa da na bayansa wasu sun haura 200.

Abin da ya bambanta shi shi ne yadda yake sarrafa shiru. Lokacin da ya shigo sana'ar, wasan fim a Indiya bai gama rabuwa da wasan dandamali ba: a ɗaga murya, a watsa hannu, a zaro ido domin na kujerar ƙarshe ya gani. Shi sai ya gane cewa kyamara tana kusa, ba ta bukatar a yi mata ihu. A dubi Mughal-e-Azam na 1960, inda ya fito a Yarima Salim, Prithviraj Kapoor kuma a Sarki Akbar. Duk lokacin da uba da ɗa suka fuskanci juna, Prithviraj yana ruri har fada ta amsa, shi kuwa Dilip sai ya ƙara sassauta murya, ya dakata a tsakiyar magana kamar mai auna ko ya dace ya ƙarasa. Ɗan da ke shirin fita yaƙi da mahaifinsa ke nan, amma a zaman fada uban ne mai ɗaga murya, kuma mai kallo ya san waye ya fi taurin kai a cikinsu. Haka a wurin da kowa ke tunawa, inda Salim ke shafar fuskar Anarkali da farin gashin tsuntsu, muryar Bade Ghulam Ali Khan tana tashi daga nesa. Babu kalma ko ɗaya. Fuskar Madhubala, wadda ta fito a Anarkali, ce ke motsi, tasa kusan a tsaye take, hannu kawai ke tafiya a hankali. Wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari bai bukatar a fassara masa wannan.

A Shakti na 1982 abin ya ƙara nuna. Ya fito a babban ɗan sanda da ya ƙi sakin mai laifi domin a sako masa ɗansa da aka sace, yaron ya girma da wannan a ransa, Amitabh Bachchan ne ya fito a ɗan. Da uwar ta rasu aka kawo ɗan daga wurin da ake tsare da shi ya ga gawa, marubuci mai gaggawa da nan zai zuba musu dogon jawabi na yafiya. Sai ga uba zaune ya dafe kansa, ɗa ya matso kusa, hawaye suka yi aikin da baki ya kasa. Wannan fim ne ya ba shi kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi karo na 8. Amfanin wannan riƙon kuwa sai a Mashaal na 1984 ake ganinsa sarai, a daren da matarsa a fim ɗin, Waheeda Rehman, take mutuwa a bakin titi yana tare motoci yana roƙo da ƙarfi babu mai tsayawa. Ihun ya yi nauyi ne saboda mai yin sa ba mai ihu ba ne. Da Sarkin Ƙarfi ne ya yi shi, da an tafa an wuce. Masu fifita Raj Kapoor a kansa suna da hujjar waƙa da ban dariya, amma tafiyar Raj aro ce daga Charlie Chaplin, kuma aro ko ya yi kyau sunansa aro.

Za a ce to ai Devdas, wanda Dilip ya fito a matsayinsa a fim ɗin 1955, mashayi ne da ya hallaka kansa saboda mace, da shi za a yi koyi? Wannan tambaya ta ɗauki ɗan kallo wawa. Babu wanda ya fito daga silima da niyyar mutuwa kamar Devdas a ƙofar gidan masoyiyar da ta auri wani. Abin da ake ɗauka shi ne aikin mutumin da ke bayan Devdas, wanda ya nitse a irin waɗannan fitowa har ta taɓa lafiyar ransa, likitan ƙwaƙwalwa a Ingila ya ba shi shawarar ya koma masu sauƙi, ya ji shawara ya yi Azaad da Kohinoor. Ko a Kohinoor ɗin sai da ya zauna ya koyi kaɗa sitar domin waƙa ɗaya, don kada yatsunsa su yi ƙarya. Za a kuma kawo rabuwarsa da Madhubala da shaidar da ya bayar a kotu kan rikicin fim ɗin Naya Daur, da aurensa da Asma na 1981 da bai ɗore ba. Duk sun faru, mutum tara yake bai cika goma ba. Batun addini kuwa ba ya cikin wannan gardama, domin babu mai hankalin da ke neman fatawa a wurin ɗan fim, kuma kowa ya san wanda aka umarce mu da bin sawunsa. Amma ladabin sana'a da iya riƙe kai ana ganinsu a wurin duk wanda ya iya, da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Inda abin ke da ciwo shi ne Kannywood. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an kwaso daga Indiya rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, aka bar kawaici, wanda shi ne ya fi kama da mu. Sai ka ga uba a fim an faɗa masa rasuwar ɗansa, ya tashi tsaye yana bayyana wa 'yan zaman makoki irin baƙin cikin da yake ciki, kiɗa kuma na bi ta kansa don kada a rasa inda za a yi kuka. A zaure na gaske dattijo zai yi salati ne, ya sunkuyar da kai, ya tambaya ko an sanar da uwar yaron. Daraktocinmu sun san wannan domin a gidajensu ake yi, tsoro kawai suke kada mai kallo ya gaji da minti ɗaya babu magana, alhali kakannin wannan mai kallon sun zauna sama da awa uku a silimar da ba ta da rufi suna kallon Mughal-e-Azam cikin yaren da ba sa ji.