Jinjina ga Malaman Ɗakin Karatu na Firamare

Madalla da malaman da ke raya ɗakin karatu a makarantun firamare, ko da kabad ɗaya ne da tabarma. Su ne ke liƙe bangon littafin da ya yage, su rubuta sunan mai aro a rajista. Malama takan fara tatsuniyar Gizo, ta tsaya a tsakiya, ta ce kowa ya ƙarasa da alƙalaminsa. Nan yaro mai kunya ke gano yana da abin faɗa. Gasar rubutu ta 1933 a Zariya ce ta fito da Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, kuma gasar aji ma tana haifar da marubuta. Iyaye, mu tallafa wa malaman nan da littattafai. Allah ya saka musu da alheri.