Waƙa Ɗaya, Faifai Biyu: Randy Weston da Kiɗan Gnawa

Da yawa daga cikinmu in muka ji an ce an haɗa jaz da kiɗan gargajiya, mukan ɗauka an yayyafa ganga ne a kan kiɗan Turawa don ya yi ƙamshin Afirka. Sau da yawa kuwa hakan ne. Amma akwai waƙa ɗaya da aka naɗa fiye da sau ɗaya, wadda sauraron naɗi biyu daga ciki a jere zai nuna mana inda haɗin ke yin kyau da inda yake lalacewa. Waƙar ita ce "Blue Moses" ta Randy Weston.

Weston makaɗin piyano ne, baƙar fatar Amurka, haifaffen Brooklyn a 1926. A ƙarshen shekarun 1960 ya koma Maroko da zama, har ya buɗe gidan kiɗa a birnin Tanja. A can ya haɗu da Gnawa, zuriyar bayin da aka ƙetara da su Sahara daga ƙasashenmu na kudu. Kayan kiɗansu gimbiri ne mai tsirkiya uku da ƙarafan tafi masu kama da sambani. Suna kwana suna kiɗa don kiran aljanu, kowane aljani da waƙarsa da launinsa. Duk wanda ya san bori ba zai ji baƙunta ba. Launin Sidi Musa shuɗi ne, daga waƙarsa kuma Weston ya ɗauko tasa. A littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin cewa da farko shugaban makaɗan ya hana shi kaɗa ta a bainar jama'a, sai da ya yi haƙurin shekara guda kafin aka yarje masa.

Naɗin farko ya fito a 1972 daga kamfanin CTI. An tara gwanaye: Freddie Hubbard a ƙaho, Ron Carter a bas, Billy Cobham a ganguna. Amma an sa Weston ya bar piyanonsa ya kaɗa na lantarki, bayan an gama kuma aka ɗora tarin ƙahonin da Don Sebesky ya tsara. Faifan ya yi kasuwa fiye da duk faifan Weston, kuma ba za mu ce ba shi da daɗi ba. Busar Hubbard kaɗai ta isa a saurara. Matsalar ita ce, karin waƙar Sidi Musa ya zama ƙofar shiga kawai. Ana kaɗa shi, ƙahoni su amsa da ƙarfi, sai kowa ya wuce abin da ya saba. Da za a cire karin a sa wani, sauran ginin ba zai ko girgiza ba.

Ɗaya naɗin yana cikin The Spirits of Our Ancestors, wanda aka ɗauka a 1991, da tsarin Melba Liston. Nan Weston ya koma piyanonsa na katako, hannunsa na hagu yana dukan ƙananan muryoyi yadda ake dukan gimbiri, kiɗa da ganga a lokaci guda. Ba a gaggawar barin karin. Ana maimaita shi, ana sake maimaitawa, har kunne ya daina jiran canji ya fara jin nauyin da ke taruwa. Lokacin da Pharoah Sanders ya shigo da busarsa mai kama da kururuwa, ba ado ya zo yi ba. Wurin da kiɗan ya nufa ke nan tun farko, kamar yadda kiɗan daren Gnawa ke hawa har mai rawa ya faɗi.

Bambancin ke nan. A 1972 an ari karin waƙa. A 1991 an ari dokar da waƙar ke tafiya a kanta, wato maimaici da haƙuri da hauhawa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: kwafo layi biyu daga aikin wani abu ne mai sauƙi, fahimtar dalilin da ya sa ya rubuta su haka shi ne aikin.

Duk da haka, kada mu wanke naɗi na biyu tas. Waƙar da aka yi don warkar da mara lafiya a tsakar dare ta koma abin saurare a kujera, sunan da ke kan faifan kuma na Weston ne. Shi kansa kamar ya ji wannan nauyi, domin daga baya ya fitar da faifai tare da manyan makaɗan Gnawa, inda ya ja baya ya bar su a gaba.

Abin ya shafe mu. Yau a ɗakunan naɗar waƙa ana yanko kalangu da garaya a jera su a kan ma'aunin kwamfuta, wanda ba ya gaggawa ba ya jinkiri. Kiɗan kuwa ransa yana cikin wannan gaggawa da jinkirin. Kafin mu yanka, mu tambayi kanmu ko mun zauna da masu abin, ko kuma za mu iya jiran shekara guda in sun ce mu jira.