Hujjar Hankali a Tauhidin Sakkwato

Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zauren karatu a Wamakko ko Dundaye yakan fara tauhidi da hukunce-hukuncen hankali uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Wannan tsari ya zo ne daga Ummul Barahina ta Shaihu Muhammadu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Littafi ne ƙarami, amma yana ɗauke da sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah, tare da hujjojinsu na hankali.

Hujjar samuwar Allah a cikinsa mataki-mataki take tafiya. Kowane jiki a duniya ko dai yana motsi ko yana tsaye, kuma muna ganin motsi na zuwa bayan tsayuwa, tsayuwa bayan motsi, ke nan dukansu fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Fararre kuwa samuwarsa da rashinsa daidai suke a wurin hankali, don haka sai an sami wanda ya rinjayar da samuwar. In aka ce shi ma mai rinjayarwar fararre ne, za a yi ta komawa baya ba iyaka, ko a yi ta kewayawa wuri ɗaya, dukansu biyu kuwa malaman sun ce mustahili ne. Dole a tsaya ga Daɗaɗɗe wanda ba shi da farko.

Hujjar, wadda masu ilmin kalami, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, suke kafawa tun kafin Sanusi, ba ta rasa masu suka ba, kuma suka mafi ƙarfi daga cikin gida ta fito. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tabbatar da samuwar Allah ta wata hanyar, amma yana ganin duniya ba ta da farko a zamani. Imam Gazali ya yi masa raddi a Tahafutul Falasifa, Ibn Rushdi kuma ya mayar wa Gazali martani, yana cewa hujjar masu ilmin kalami ba ta kai matsayin yaƙini ba. Gaɓar da ake ja a kai ita ce: don kowane motsi yana da farko, shin jerin motsin gaba ɗaya ma sai ya kasance da farko? Daga baya David Hume, ɗan Sikotilan, a littafinsa da ya fito a 1779, ya matsa a kan tambayar wahala da sharri a duniya. Amsar Ash'arawa, mazhabar tauhidin da Sanusi yake bi, ita ce babu abin da ya wajaba a kan Allah, hankalin bawa kuma ba ya kewaye hikimarsa. Wannan amsa tana gamsar da wanda ya riga ya karɓi hujjar farko. Mai shakka kuwa zai ci gaba da tambaya.

Abin lura shi ne, rikicin da aka yi a ƙasar Hausa ba da masu musun Allah aka yi shi ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) akwai ɗaliban kalami da suka haddace hujjojin Sanusi, suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa kawo dalili su kafirta shi. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ciki har da Hisnul Afham. Matsayinsa shi ne imanin gama-gari ingantacce ne, ana hukunci da zahiri, zurfafa cikin kalami kuwa aikin malamai ne. Bai rufe ƙofar nazari ba: jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubutu a falsafa.

Yau mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana cikin ƙaramar hukumar Wamakko, kuma tambayoyin Hume suna iske ɗalibi a wayarsa ta intanet. Raunin karatun zaure shi ne yawanci ana haddace hujjar ba tare da sanin sukar da aka gina ta don amsawa ba. Malamin da zai karantar da Sanusi ya kamata ya faɗa wa ɗalibansa abin da Ibn Rushdi ya ce, ya kuma riƙe ladabin Shehu: mai tambaya amsa ake ba shi, ba a kafirta shi.