Mai Kunun Gora Ta Ari Ma'aunin Mai Giya

Duk mai shiga kasuwar Bogo ranar Alhamis ya ga yadda sana'ar abin sha ta sake kama. A da a tukunya ko a babbar roba ake kawo kunun zaƙi da zoɓo, a riƙa ɗiba da ludayi, kafin la'asar an shanye an wanke mazubi. Yanzu a gora suke zuwa, a toshe, a jere cikin kula da ƙanƙara, wasu har da takarda manne mai ɗauke da sunan mai sana'ar. Haka abin yake a tashoshin motar Marwa da Garwa, balle in azumi ya kama. Ina murna da wannan sauyi. Ƙuda da ƙura sun daina faɗawa cikin abin da muke sha, kuma mata da yawa daga cikin ɗakunansu suke biyan kuɗin makarantar yara da wannan ciniki.

Sai dai gora ta zo da wani abu da ban ji muna maganarsa ba, wato kwana. Abin da a da ake sha ranar da aka yi shi, yanzu yana kwana biyu, yana kwana uku a rufe, a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ta zo yau ta ƙi zuwa gobe.

Kunu da zoɓo ba sa zama yadda aka bar su. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a ciki, ido ba ya ganinsu. Na farko su ne masu kawo tsami, irin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, kuma su muke so a kunun zaƙi. Na biyu shi ne yis, wanda ke tayar da ƙullin fanke da burodi. Shi yis sukari yake ci, ya raba shi kusan gida biyu: rabi ya zama iska, rabi ya zama barasa. Gorar da ka taɓa ka ji ta yi tauri, ka buɗe ta yi huci, yawanci labarin da take ba ka ke nan. Iskar ta fita ka ji ta da kunnenka, ɗaya rabin yana nan cikin ruwan.

Maƙwabtanmu matan Tupuri da Mundang da Giziga masu dafa burkutu, wanda a nan ake kira bilbil, sun san wannan tun kaka da kakanni. Jigari suke jiƙawa, su bar shi ya yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su bari ya yi tsami, su sake dafawa. Mai kunun zaƙi da ke sa tsiro don kununta ya sake ya yi zaƙi za ta gane rabin wannan hanya, domin ita ma ta bi ta. Inda suka rabu shi ne mai burkutu takan zuba yis ɗin da ta ajiye daga dahuwar baya, ta ba shi dare guda. Ita mai kunu ba ta zuba ba, amma yis yana jikin hatsi, yana bawon abarba, yana maƙale a gorar da aka sake amfani da ita ba a wanke da kyau ba. Zafi da lokaci kawai yake jira.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a wurin Musulmi. Ya zo a Sahihu Muslim, ta hanyar Ibn Abbas, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, busasshen inabi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage daga nan ba ya ajiye shi. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta kawo hani a kan tsima abin sha a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, malamai kuma sun bayyana dalili: irin waɗannan mazubai suna gaggauta juyawar abin da ke ciki. Ke nan magabata sun kula da adadin kwana, sun kula da irin mazubi. Hukuncin gorar da ta kumbura na malamai ne, amma malami ba zai yanke hukunci a kan abin da ba a san me ke cikinsa ba.

A nan ne nake ganin ya kamata mu ari kayan aikin masu giya, ba tare da jin kunya ba. Suna da wani ɗan ma'auni na gilashi, haidiromita, siriri mai nauyi a gindi da lambobi a wuya. Ana zuba ruwan a doguwar kwalba, a saka shi ya yi iyo. Kamar ƙwai ne da ke nutsewa a ruwan sha amma ya taso a ruwan gishiri: gwargwadon yawan sukarin da ya narke, gwargwadon yadda ma'aunin zai taso. Tsabtataccen ruwa yana nuna 1.000. Ruwan da ke da sukari kimanin giram 100 a kowace lita yana nuna kusan 1.040. Yayin da yis ke cin sukarin, lambar tana sauka.

Mai haɗa giya a gida a Jamus ko Amurka yakan auna kafin ya zuba yis, ya rubuta. Bayan kwanaki ya sake aunawa. Kumfa ta daina tashi ba hujja ba ce a wurinsa, sai ya ga lamba ɗaya ta maimaita kanta kwana biyu ko uku a jere kafin ya yarda cewa aikin ya kai ƙarshe, domin in ya ɗura a kwalba da sauran sukari, kwalbar na iya fashewa. Daga nan sai ya cire lambar ƙarshe daga ta farko, ya ninka da 131. Wanda ya faro daga 1.040 ya tsaya a 1.010 ya san yana da barasa kusan kashi 4 cikin ɗari. Manyan masana'antu irin ta giya da lemo da ke Garwa da irin wannan awo suke bin kowace tanka. Ilimin ma ba na mashaya ba ne tun asali. Al-Khazini, a littafinsa Mizanul Hikma da ya rubuta a Marw wajen shekarar 1121, ya yi dogon bayani a kan auna nauyin ruwaye, ƙarni bakwai kafin Karl Balling ya tsara ma'aunin sukarinsa a Prag a 1843.

Mai kunu za ta yi amfani da ma'aunin ne ta bayan hannu. Mai giya yana jiran lamba ta gama sauka, ita kuwa so take kada lambar ta motsa. Ta auna lokacin da ta ɗura, ta ware gora ɗaya a cikin kular da take kai kasuwa, ta auna da yamma, ta auna washegari da safe. In lambar ta sauka da 0.004, wato daga 1.040 zuwa 1.036, to barasar da ke ciki tana iya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Wannan rabin kashi shi ne iyakar barasa da ƙasashe da dama suka ja. Majalisar Malaman Indonesiya ta yi amfani da shi a fatawarta ta 2018 a kan abubuwan sha da aka tsima. A Amurka, a 2010, manyan kantuna sun kwashe kwalaben wani tsimammen shayi da ake kira kombuca daga kan kanta, bayan an gano yana ci gaba da tsimuwa a cikin kwalba har ya wuce wannan iyaka. Masu yin sa ba giya suka nufa ba, kuma suna da firji da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ma'aunin yana da sharuɗɗa, kuma dole a faɗe su. Yawancin irin waɗannan ma'aunai an daidaita su ne a kan digiri 20. Ruwan da ya kai digiri 35 yana nuna lamba ƙasa da gaskiya da kusan 0.004, daidai girman abin da muke nema, don haka awon farko da na biyu su kasance a sanyi iri ɗaya. Zoɓo da ruwan citta da na tsamiya suna da sauƙin awo. Kunun zaƙi da kunun aya kuwa sai an bari sun kwanta an tace ruwan sama da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba gasarar za ta riƙe ma'aunin. Sannan masu kawo tsami su ma suna cin sukari, saboda haka ba duk saukar lamba ce barasa ba. Abin da lissafin ke ba ka shi ne iyakar abin da zai iya kasancewa a ciki, kuma ga mai gudun shubuha wannan ya wadatar.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce: mun shekara talatin muna dama kunu, harshenmu bai taɓa yaudararmu ba. Gaskiya ne, kuma ina girmama wannan sani. Amma harshe yana aiki ne a kan tukunyar da ke gabanki, Inna. Gorar da yaro ya tafi da ita tasha, ta wuni a kula, ƙanƙara ta narke da azahar, ta dawo gida aka sa a firjin da wutarsa ta ɗauke da tsakar dare, wa ya ɗanɗana ta? Ga sukari da citta da kanumfari da ke rufe ɗanɗano. Masu sayen nan kuma yara ne 'yan makaranta, da masu jinya a asibiti, da mai azumin da ya buɗe baki bai tsaya shinshinawa ba.

Ba kowace mace ce za ta sayi haidiromita ba, kuma ba kowace gora za a auna ba. Guda ɗaya ya ishi ƙungiyar mata ko 'yan adashi ɗaya. Abin da ake nema shi ne kowace mai sana'a ta san awa nawa haɗinta ke ɗauka kafin ya fara juyawa, sau ɗaya a bazara, sau ɗaya a hunturu, domin amsar ba ɗaya ba ce. Da ta sani, sauran gyaran a hannunta yake. Ta zuba sukari a zoɓo tun yana da zafi maimakon bayan ya huce, ta dafa abarbar tare da shi, ta wanke gora da ruwan zafi da sabulu, ta rage yawan abin da take ɗurawa a watannin zafi. Ɗaliban sarrafa abinci na makarantar ENSAI a Ngaundere da na Jami'ar Marwa suna da wannan ma'auni a ɗakunan gwajinsu, kuma wuni ɗaya a Bogo ya isa su koya wa mata ashirin karanta shi. Kafin su zo, ina roƙon duk wadda ta riga ta buga takardar mannawa ta bar wuri a ƙasan sunanta, ta rubuta da biro ranar da ta ɗura da ƙarfe nawa.